Na-dama, San Baba

Alhamis, 12 ga Oktoba, 2023

Siddiƙ ya sayar da Na-dama, ya zuba kuɗin duka a caca.

Bari in rubuta shi yadda aka koya mini a gidan jarida. Siddiƙ ƙanena ne, shekararsa talatin da ɗaya, shi ke riƙe da gandun Baba a Fakku. Na-dama ɗaya ne daga cikin shanun huɗarmu biyu, ja ne, mai tsaga a kunne. Kwana tara da suka wuce Siddiƙ ya kawo shi nan Tambuwal, ya sayar wa Ɗanmaliki, dillalin da ke tara shanu yana loda su zuwa Kudu. Daga nan ya buɗe wayarsa, ya sa kuɗin a kan cewa Afirka ta Kudu ce za ta ɗauki kofin duniya na zari-ruga da ake bugawa a Faransa. In ta ɗauka, ninki huɗu.

Bai taɓa ganin wasan ba. Yau yake tambayata wai da gaske ne ƙwallon kamar ƙwai take.

Na ce wa ya kai ka? Ya dube ni da mamaki, ya ce, "Ai kai kac ce, Yaya."

Kuma ni na ce. Ranar sunan ɗiyarsa, ƙarshen watan jiya, samari suna musun ƙwallon ƙafa a gindin darbejiya, ni kuma na so in nuna na fi su sanin duniya. Shekara biyu na yi ina fassara labaran wasanni a Kaduna, har da na zari-ruga da babu mai karantawa. Na ce musu duk da Ireland ta doke ta, Afirka ta Kudu ce mai kofi, ku rubuta ku ajiye. A ɗakin labarai irin wannan magana iska ce, kowa na yin ta. Na manta a gidanmu nake, inda in babban wa mai karatu ya yi magana ba a tambayarsa hujja.

Na karɓe wayar. Tana aljihuna.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Abin da Siddiƙ ya gaya wa Baba: wai Na-dama ya yi ciwon kofato, an kawo shi wurina a Tambuwal, likitan dabbobi na dubawa. Wato ni ma ina cikin ƙaryar tun kwana goma ban sani ba.

Wanda bai yi noma da shanu ba ba zai gane ba. Shekara huɗu Na-dama da Na-hagu suna ƙarƙashin karkiya ɗaya, Baba da kansa ya hore su tun suna 'yan maruƙa. Kowa ya san gefensa. In ka cire ɗaya ba rabi ka rasa ba, duka ka rasa, don sabon sa sai ya ci damina guda kafin ya iya taku da abokinsa. Kuma Baba ba ya kiransu dabbobi. "Yaran nan" yake cewa.

Na je turken Ɗanmaliki bayan an sauko masallaci. Na ga Na-dama a ɗaure cikin baƙin shanu. Ya gane ni, ko kuma ni nake so ya gane ni.

Ɗanmaliki ya yi dariya har da tafi. "Ɗan jarida, yau labari ya biyo ka har gida!" Ya ce motarsa za ta tashi Litinin, 30 ga wata. In na kawo kuɗinsa da na dusar da san ya ci kafin nan, in kwance abina. "In ba haka ba, wanga sa shi ga teku kahin kai."

Wasan ƙarshe 28 ga wata ne. Babur ɗina da albashina ba za su kai rabi ba. In na roƙi dangi, kafin la'asar Baba ya ji.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Yau Afirka ta Kudu da Faransa, masu masaukin baƙi. Wanda aka ci ya tafi gida.

Babu gidan kallon da zai nuna wannan a Tambuwal. Na tambayi ɗaya, mai gidan ya ce, "Wanda ake kokawa a kan ƙwallo? Malam, ko kyauta ba mai shiga." Don haka bayan isha'i na zauna a tsakar gida ina bin lambobi a waya. Lamba kawai, babu hoto. An tafi hutu Faransa na gaba, 22 da 19. Na shiga banɗaki sau uku.

An tashi 29 da 28, Afirka ta Kudu ta tsallake. Maki ɗaya.

Lauratu, matata, ta ce, "Baban Ummu, mutuwa aka yi?" Na ce aiki ne. Ta ce shekara goma sha biyu tana aure da aikin nan, ba ta taɓa ganin ya sa ni gumi a zaune ba.

Talata, 17 ga Oktoba

Baba ya kira. Ni ne ɗan fari, ba ya faɗin sunana.

"Malam, yaya ƙafar yaron nan?" Na ce da sauƙi. Ya ce Na-hagu ya daina cin harawa, sai kuka yake yana kallon turken ɗan'uwansa. Ga dammunan gero a gona, amalanke a jingine. "Ka ce wa likita shi yi hanzari."

Na rubuta rahoto a kan mutane da yawa da suka yi ƙarya. Ban san tana da sauƙin fita haka ba.

Laraba, 18 ga Oktoba

Ban iya cin tuwo ba.

Juma'a, 20 ga Oktoba

A sujada na rasa abin da zan roƙa. Ba a roƙon Allah ya ba caca sa'a. Na ce dai Allah ka mayar da san nan turkensa, na yi shiru a kan hanyar, kamar mai ɓoye wa edita majiyarsa. Astagfirullah.

Na gaya wa Lauratu komai. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce, "Je ka gaya wa Baba. Tsoho ya fi jure mummunan labari a kan a mayar da shi yaro." Na ce bayan gobe.

Asabar, 21 ga Oktoba

Da Ingila. Siddiƙ ya zo daga Fakku, muka zauna a tabarma ɗaya.

Ana ruwan sama a can, in ji rahoto. Saura kusan minti goma sha biyu Ingila na da 15, mu 6. Na ga na rubuta "mu". To.

Siddiƙ bai san lissafin wasan ba, fuskata yake karantawa. Kowane minti sai ya ce, "Yaya, mi anka yi?" Daga baya ya daina tambaya, ya kifa kai a gwiwa. Na ji yana cewa shi Nijar zai tafi, ba zai iya haɗa ido da Baba ba. Mutum mai mata da jaririya.

Sai 15 da 13. Sai, saura minti biyu ko uku, 16 da 15.

Maki ɗaya kuma.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Da safe kamfanin cacar ya yi tayi a wayar. Tun da an kai wasan ƙarshe, za a iya karɓar wani kaso yanzu a yafe sauran. Na duba sau biyu. Ya isa kuɗin Na-dama, ya isa na dusa, har da ɗan abin hayar mota zuwa Fakku. Maɓalli ɗaya ne, kore.

Siddiƙ ya kusa kuka don murna. "Danna, Yaya! Don Allah danna, mu tai mu kwanto shi yanzu."

Na ce ya bari in karanta sharuɗɗan tukuna, kada a yi gaggawa.

Litinin, 23 ga Oktoba

Na karanta sharuɗɗan. Babu wani tarko a ciki.

Na kuma karanta wasu abubuwa. New Zealand, wadda za a kara da ita a wasan ƙarshe, ta doke Ajantina 44 da 6, amma Ajantina ba ma'auni ba ce. Afirka ta Kudu ta lallasa New Zealand ɗin nan a wasan sada zumunta kafin gasar. Ana hasashen ruwa ranar Asabar, kuma ruwa na masu ƙarfin turawa ne irin Afirka ta Kudu. Ƙungiyar da ta tsira sau biyu da maki ɗaya ba sa'a kawai take da ita ba, ta san yadda ake riƙe numfashi.

Bincike ne kawai. Gobe zan danna.

Laraba, 25 ga Oktoba

Siddiƙ ya kira sau shida daga wayar matarsa. A na ƙarshe ya ce, "Yaya, ni nis sa kuɗin, amma yanzu kai ka cacar." Na ce ya iya bakinsa, da wa yake magana? Ya ce, "Yi haƙuri, Yaya." Haka aka koya masa tun yana ƙarami.

Abin da nake gaya wa kaina: in aka ci duka, a fanso sa, sauran a kai wa marayu, kada ko sisi ya shiga cikinmu. Sai in ga kamar asara ce a bar wa kamfani rabon marayu.

Na san yadda wannan magana za ta yi sauti in wani ne ya faɗa mini ita ina riƙe da biro.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Na ɗora yatsa a kan koren maɓallin bayan sallar asuba. Na daɗe a haka.

Lauratu ta wuce da buta, ta ce, "Baba fa?" Na ce bayan gobe. Ta ce, "Wancan makon ma bayan gobe ne."

Asabar, 28 ga Oktoba

Tsoron yau daban ne. Na makon jiya tsoron abin da Siddiƙ ya jawo ne. Na yau babu wanda zan nuna da yatsa.

Ban kira Siddiƙ ba, shi ma bai zo ba. An kori kaftin ɗin New Zealand da jan kati tun kafin hutu, na ce shi ke nan. An tafi hutu muna gaba, 12 da 6. Sai mutum goma sha huɗun da suka rage musu suka taso kamar an zuba musu wuta. 12 da 11. Suka sami bugun da zai sa su gaba, ya kauce. Suka sake samun wani daga nesa, saura 'yan mintoci. Koren maɓallin ya ɓace daga wayar a lokacin, na neme shi, wallahi na neme shi. Lambar ta tsaya cak, ban san ko layi ne ya ɗauke ko duniya ce ta ƙare ba. Na ji bugun zuciyata a cikin haƙorana.

Ya kauce. An tashi 12 da 11.

Na yi amai a bayan ɗaki. Bayan na wanke baki na kama kaina ina murmushi, ina cewa ai na faɗa.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Kuɗin ba su fito ba. An rubuta: ana tantancewa. Kuɗi masu yawa sai an duba katin shaidar mai asusu, kwana uku na aiki zuwa biyar. Yana cikin sharuɗɗan da na ce na karanta. Da na danna ranar Lahadin da ta wuce, da tun Alhamis Na-dama na Fakku.

Motar gobe za ta tashi.

Na je wurin Ɗanmaliki da wayar, na nuna masa. Ya riƙe ta nesa da fuskarsa kamar mai wari. "Ɗan jarida, ni ban sayar da sa ga rubutu. An biya direba, an biya kuɗin lodin shanu talatin." Na ajiye masa makullin babur da takardunsa. Ya juya su a hannu, ya ce zai duba. Bai ce e ba.

Da yamma Baba ya kira. Bai tambayi ƙafa ba. Ya ce, "Malam, in yaron nan ya mutu ka gaya min. Na binne shanu da hannuna, ba yau nif fara ba. Abin da ban iyawa shi na jira." Na buɗe baki in faɗa masa. Abin da ya fito shi ne, "Yana nan da ransa, Baba."

Wannan dai gaskiya ce, zuwa yau.

Litinin, 30 ga Oktoba

Motar ta tashi da hantsi, kafin in iso. A ƙafa na zo, babu babur. Turken duk babu komai sai kashi da guntayen igiya. Ɗanmaliki ya wuce Kebbe neman wasu shanun, wayarsa a kashe.

Siddiƙ ya iso da azahar. Bai ce mini komai ba a kan kwana shidan da maɓallin ya yi a hannuna, ya gaishe ni yadda ya saba, har ƙasa. Da zai tafi ya ce ko zan ba shi wayarsa, yana so ya goge abin nan daga ciki da zarar an gama. Na ce ta zauna wurina tukuna, saboda tantancewar. Dalili ne mai kyau. Jiya na duba, akwai gasar zari-ruga ta ƙasashe shida na Turai a watan Fabrairu, kuma a ganina an raina Ireland a lissafin. Na duba ne kawai, irin na aiki.

Gobe da asuba zan shiga motar Kebbe in je Fakku in gaya wa Baba. Na gaya wa Lauratu haka, ta ce to, ba ta ɗago kai ba.

Wani dattijo cikin masu lodi ya ce motar ta cika kafin a gama, an ware jajayen shanu biyu an kora su turken Ɗanmaliki na Sanyinna. Ya ce yana jin ɗaya na da tsaga a kunne, amma ba zai rantse ba. Siddiƙ ya tafi dubawa. Har yanzu bai kira ba.