Ummi Ta Ƙi Zama a Jirgin Ruwa

Daga cikin jirgin ruwa, Holan
Afrilu, 2014

Yaya Mukhtaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Abir da yara, da fatan kuna lafiya.

Mun shiga jirgin lafiya, ni da Ummi da maigidana Abubakar, tunda ya samu hutun karatu. Sai dai dabararka ba ta ci ba. Ka ce in kai ta yawon kogi ko hankalinta ya bar kan gida, to tun da muka taso ba ta zauna ba. Ta hau sama, ta sauko, ta tambayi alƙibla. Jirgi ya karya kwana, ta sake tambaya. Jiya an kai mu ganin tsofaffin injinan niƙa da iska ke juyawa, masu fukafukai kamar na fanka. Turawa na ta ɗaukar hoto, ita kuwa ta ja mayafi ta ce, "Mu koma, jiri suke sa ni."

Kullum sai ta tambaye ni wa ke ba tattabarunta ruwa. Har yaushe zan yi ta kame-kame, Yaya?

Ƙanwarka,
Zinariya

Makka

Zinariya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ki gaida Abubakar.

Ki ci gaba da yin shiru. An riga an shafa wa gidanmu na unguwar Tandabawi jan fenti, alamar rusawa, layinmu gaba ɗaya zai tafi cikin sabuwar hanya. Na kama mata gida a unguwar Shisha kusa da ni, ina ta kwashe kaya. Tattabarun suna wurin mai burodi. Kin san hawan jininta. Ba zan bari ta tsaya tana kallo katafila ta shiga ɗakin da Abba ya cika ba. Ta sauka kawai ta tarar an gama, ta yi fushin da za ta yi da ni.

Ki riƙe ta har ƙarshen tafiyar. Halas, shi ke nan.

Yayanki,
Mukhtaru

Dordrecht

Yaya,

Salamu alaikum. Ban ma san ta inda zan fara ba.

Yau jirgi ya tsaya a wani tsohon gari, lunguna matsattsu kamar namu, sai dai ruwa ne ke bi ta tsakiya. Mai yi mana jagora ya nuna wani gida ya ce ya girmi kakan kakansa, kuma har yau da mutane a ciki. Na fassara wa Ummi. Ta dafa bangon, ta daɗe, sai ta zauna a dakalin mutane ta ƙi tashi. Jirgi na ta busa ƙaho, Abubakar na ta lallashi.

Ta dube ni ta ce, "Sun shafa wa namu jan fentin ko?"

Yaya, ashe tun kafin ta taso ta ga masu awon hanya a bakin layinmu. Ta ce shiru ta yi ta ga iya gudun ruwanmu.

Na ce, "Ummi, tausayinki muka ji."

Ta ce, "Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, faɗuwar bango ce ba zan iya gani ba? Abin da ke ci na, a ce ni Fatsuma na bar Tandabawi ban yi sallama da kowa ba, kamar wadda ta yi sata. Maƙwabciyata Hajara da muka yi zaman amana tun muna amare, ko 'yafe mini' ban ce mata ba."

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Mun sauke kayanmu daga jirgin, Abubakar yana nema mana na sama zuwa Jidda. Don Allah ka dakatar da komai.

Zinariya

Makka

Zinariya,

Wa alaikumus salam.

Ba abin da zan iya dakatarwa. Kaya sun tafi, an yanke wuta, kuma masu rusau sun fara daga bakin layi. Ban sani ba ko za ku riga su isowa.

Na bi maƙwabtan da suka watse ɗaya bayan ɗaya. Inna Hajara tana unguwar Hindawiyya wurin ɗanta. Da na faɗa mata, kafin in rufe baki ta ɗauki takalmi. Na mayar da tabarma da butar shayi tsakar gidanmu na Tandabawi. Ita da sauran maƙwabta suna can zaune suna jiran Ummi.

Ki ce wa Ummi ta yafe mini. Ku taho.

Mukhtaru