Rijiyar Da Aka Hana Mu Sha

Abuja, Disamba 1991

Zuwa ga Yaya Fatihu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar Inna? Ya matata Muhibba? Ni lafiya lau, kada ku damu. Ɗakinmu na Lugbe ba ƙyaure tukuna, amma ana lallaɓawa.

Tunda gwamnati ta taso daga Legas, kullum cikin sauke akwatunan takardu muke. A ciki aka sami wani ƙunshi na ajami, labarin da tsofaffin mayaƙan Basasar Kano suka bayar da bakinsu. Oga Timothy ya sa ni in mayar da shi boko.

Yaya, ka tuna rijiyar bayan gidanmu da aka hana mu sha, aka ce al'ada ce? Wani tsoho a cikin takardun nan ya faɗi dalili. Ya ce a gabansa kakan Baba, Yamusa, ya soke maƙwabcinsa Ɗan'azumi saboda Ɗan'azumin ya bi ɓangaren Tukurawa a yaƙin, ya jefa shi ciki. Ɗan'azumin nan shi ne kakan baban su Muhibba, wanda suke cewa ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba.

Na so in tsallake shafin, ashe Oga ya sa wa kowanne lamba. Mai buga tafireta kuwa Abdulhakim ne, wan Muhibba, wanda ya samo mini aikin nan. Ranar Litinin zai iso kan shafin.

A aiko mini da kuka da daddawa. Allah Ya rufa mana asiri.

Ƙaninka,
Manniru

Af, wannan karon kada ka ba Muhibba ta karanta muku kamar yadda aka saba.