Fuskar Mugun Labarina

Litinin, 3 ga Maris

Malamar kwamfuta ta nuna mana wata manhaja yau. Ka saka hoton mutum, ta ɗan yi tunani, sai ga kansa a allo kamar an sassaƙa shi, kana juyawa hagu da dama. Kowa zai haɗa gajeren fim da irin waɗannan mutanen, a nuna wa iyaye ƙarshen zango. Ni labarin soyayyar da nake rubutawa a bayan littafin lissafi zan yi. Ƙawata Rediyo ta ba ni fuskarta da ta yayanta, jaruma da jarumi ke nan. Saura mugun, kawun da zai raba su.

Laraba, 5 ga Maris

Manhajar ba ta son murmushi. In haƙora suka fito sai ta manna su a kan leɓe, ba kyan gani. Na bincike wayar Mama kaf, mutum ɗaya ne bai taɓa murmushi a hoto ba: mijinta. Har a hoton aurensu, wata bakwai da suka wuce, ya haɗe gira kamar an taka masa ƙafa. Na tura wa kaina. Allah ya yafe mini.

Alhamis, 6 ga Maris

Ya dace da mugun sosai. Har na ji wani iri.

Asabar, 8 ga Maris

Hoton gaba kaɗai gare ni, don haka gefen fuskar manhajar ta yi cinke. Hanci a baje, kunnuwa kamar mariƙin kofi. Malama ta ce in kalli mai fuskar in gyara da hannu. To ni yaushe na taɓa kallonsa? Wata bakwai gida ɗaya, takalmansa na fi sani. In ya shigo falo in shige ɗaki.

Yau da muna cin abincin rana na yi ta satar kallo. Sau uku yana goge kumatunsa. Can ya ce wa Mama a hankali, "Wai akwai wani abu a fuskata ne?"

Talata, 11 ga Maris

Kunnensa na hagu ya fi na dama tashi. Akwai ɗan tabo a cikin girarsa. Da na matso da hoton sosai sai na ga layukan gefen idonsa duk sama suka nufa, irin na masu yawan dariya. A littattafai idon mugu ba tausayi a ciki. Na ja girar ƙasa, na ƙara ja, sai kawai ya koma kamar mutumin da ke jiran wani ya dawo gida.

Ina ya kai dariyar? Ko saboda ni ya ɓoye ta?

Alhamis, 13 ga Maris

Rediyo ta ce, "Ke, kin san ranar nuni zai ga kansa a bango yana raba masoya, ko?"

Wallahi ban kawo wannan a raina ba. Idan ya ji zafi fa? Tun rasuwar Babana sai kwanan nan Mama ta koma rera waƙa a kicin. Kada in zama ni na kashe mata ita. Kuma Litinin za a karɓi aikin.

Asabar, 15 ga Maris

An kama ni.

Ruwa ya tsuge da hantsi, na fita kwashe shanya, na bar kwamfutar Mama a buɗe a tebur. Ina dawowa na tarar da shi zaune da kayan aikinsa na gyaran firiji, yana juya kan nasa a allo da yatsa ɗaya.

"Wannan ni ne?"

Na ce eh, ina kallon tabarma.

"Me na yi a labarin?"

"Kun... kun raba su ne."

"Saboda me?"

Ban taɓa tunanin dalili ba. Ya ce yaron yana da sana'a? Na ce waƙoƙi yake rubuta mata. Ya ce, "To ai ni ke da gaskiya!" Sai dariya, har da riƙe ciki. Ashe tana nan.

Wai na cuci hancinsa. Ya miƙe ya tsaya jikin farin bango ya juya gefe, in ɗauka da kyau. "In haɗe rai?" Hoto goma sha ɗaya ya lalata mini, da na ɗaga waya sai ya fashe. Mama daga kicin: "Mugun banza! Ko kyankyaso ni nake kashe masa."

Da ya huce ya ce shi in an ɗaga masa kyamara rasa inda zai sa fuskarsa yake yi, shi ya sa yake haɗe ta. Ni ma haka nake, ko ba kyamara.

Litinin, 17 ga Maris

Na miƙa aikin. Kawun yanzu ya ba saurayin wata uku ya koyi sana'a. Rediyo na ta mita wai kawu ya fi jarumi yawan magana. Ba laifina ba ne, labarin ne ya tafi haka.

Ɗakin nunin ƙarami ne, mutum ɗaya kowa zai gayyata. Mama ta ce tana da aiki ranar, ban san ko gaskiya ba ne. Na rubuta sunansa a katin gayyatar. Ƙasa akwai layin "dangantaka da ɗaliba". Na daɗe a kai. Na rubuta "Baba" da ƙananan haruffa, na miƙa wa Malama da sauri kafin Rediyo ta leƙo.

Biro ne a hannuna, ba ya goguwa. Shi ke nan.