Sannu da Aiki a Filin Golf

Yaya Serah,

Ina gaishe ku daga Greensboro. Ya ƙafar Mama? Ya yara da damina a Zonkwa? Ni lafiya lau, hutawa nake kwana biyu. To, gaskiya sallamata aka yi daga filin golf.

Ki ji laifina. Ranar gasa, wani ɗan Sweden da ya tsufa a wasan ya duƙa zai buga, gumi na zuba. Jama'a sun yi tsit, ba mai ce masa uffan. Na zo wucewa da manjagarata ta gyaran yashin filin, na yi masa sannu da aiki da ƙarfi. Hannunsa ya goce, ƙwallo ta faɗa tafki. Wai a nan ya rasa gurbinsa na shiga gasar baɗi.

Oga ya ce, "Josiah, ba ka ga allon a yi shiru ba?"

Na gani mana! Amma Baba ya taɓa marina don na wuce mai noma ban gaishe shi ba. Mutum ya tsallako teku neman abinci kamar ni, in wuce shi kamar kututture?

Kada Mama ta ji. Ki sa ni a addu'a. Litinin zan nemi aiki a shagunan titin Gate City Boulevard, inda ake amsa gaisuwa.

Ƙaninki,
Josiah