Dogayen Mukhtaru

Shisha, Makka

Yaya Hure,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Sakkwato.

Jikin ƙanenki Mukhtaru sai addu'a. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, mutumin da muryarsa ke cika filin ƙwallon kwando ko ruwa sai da hannu yake nema.

Kin san ƙuruciyarsa kaf a kwalejin nan ta ƙare yana koyar da ƙwallo. Allah bai ba mu haihuwa ba, shi kuwa 'yan wasansa yake kira 'ya'yansa. Na dafa musu shinkafa har bayana ya ƙage, dogaye masu cin tukunya su nemi ƙari. Har ƙanƙanen cikinsu, Bandar, da aka ce gajere ne a kore shi, Mukhtaru ya tsaya masa. To ina suke yau? Tun da ya yi ritaya ƙafa ta ɗauke. Wallahi raina ya ɓaci.

Kafin bakinsa ya yi nauyi ya tambaye ni wanda zai ɗauki makararsa, tunda ba ɗa, dangi kuma suna nesa. Abin na hana ni sukuni, Yaya.

Taki,
Hadijatu

Yaya Hure,

Ina gaisuwa, ya haƙurinmu? Kin ji rasuwar Mukhtaru a waya, amma kuka bai bar ni na gaya miki wannan ba.

Bandar kaɗai na sanar, shi ma don kada a ce ban faɗa ba. Maƙwabciyata Dalal ta raka ni Harami sallar jana'iza bayan la'asar. Gawawwaki da yawa aka kawo, ga cunkoso, mu mata muna can baya. Na cire rai da sanin wadda take tasa.

Da aka sallame aka ɗaga su, sai na hango makara guda ta ɗara sauran tsawo, tana tafiya saman kawunan mutane. Dogayen nan ne, Yaya, wasu da furfura, wasu daga Jidda da Ɗa'if. Bandar na gaba, kafaɗarsa ba ta kai ba, ya miƙa hannu sama yana riƙe da gefe.

Na bi makarar da ido har ƙofa. Da Mukhtaru ya ga wannan, da bai tambaye ni wanda zai ɗauke shi ba.

Allah ya jiƙansa. Ki gaida kowa.

Matar ƙanenki,
Hadijatu