Gidan Wa Ne Nan?

3 ga Satumba

Zuwa ga ƙanwata Verna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikoki. Yaya ƙafar taki? Ni dai na gode Allah, jiki da sauƙi. Likita ya ce aikin maƙogwaron ya yi kyau, sun cire ciwon kakaf, sai dai da muryar suka haɗa. Yanzu magana sai raɗa, ita ma sai mutum ya kawo kunne.

Ranar Asabar 'yan ƙwallonmu, Gauraka, za su buɗe kakar wasa a filin jami'a, kuma ba zan je ba. Kin san ni, tun ina ɗalibi ban taɓa fashi ba. Ƙwallon ƙafa ne, kwando ne, kokawa ce, in dai shuɗiyar riga ce a fili, ina wurin. Ko ranar aurenki da rediyo a aljihu na shiga coci, har yau kina yi mini gori.

Ga abin da ke cin raina. In aka shiga zango na huɗu, wato na ƙarshen wasa, ni ke miƙewa a ɓangarenmu na arewa, in ɗaga hula in yi kira, "Gidan wa ne nan?" jama'a su amsa, "Na Gauraka!" Tun gashina yana baƙi nake wannan kira. Ba zan iya zama ina ji wani ya karɓe shi ba, ba kuma zan tashi in buɗe baki a ji shiru ba. Kunya nake ji, Verna. Gara in kalla a talabijin.

Jiya Otis ya zo, abokin nan nawa da ke gasa mana nama a wurin ajiye motoci kafin wasa. Na raɗa masa cewa ya ba wani kujerata. Ya ce, "Kai tsoho, da can ma muryar taka ta jaki ce, wa ya yi asara? Ranar Asabar da hantsi zan zo in ɗauke ka, ka dai sa wando." Ban tanka masa ba. To da me zan tanka?

Ki gaida kowa da kowa.

Yayanki,
Delmar

9 ga Satumba

Zuwa ga ƙanwata Verna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata duk kuna lafiya. Na je wasan. Otis ya kafe a ƙofa yana danna ham ɗin motarsa har maƙwabta suka fara leƙowa, dole na fito.

Na zauna na ja hula na rufe fuska. Duk wanda ya gaishe ni sai in ɗaga hannu kawai. Da aka busa shiga zango na huɗu na sunkuyar da kai, ina jira in ji wanda zai gaje ni. Shiru. Sauran filin yana ta hayaniya, amma ɓangarenmu tsit, har mai sayar da gyaɗa ya tsaya. Na ɗago, sai na ga duk ni ake kallo. Matar da ke zama a bayana, Malama Odessa, ta zungure ni da sandarta ta ce, "Malam Delmar, tashi mana, ƙafafunmu sun gaji. Kai muke jira."

Na miƙe. Na ɗaga hula, na buɗe baki, na yi tambayata. Ni kaina ban ji abin da ya fito ba. Su kuwa suka amsa, "Na Gauraka!" har katakon da nake tsaye a kai ya girgiza. Na sake, suka sake. Na yi kuka, ban kuma ɓoye ba.

Daga baya na ji ba wanda ya shirya wannan. Kowa dai ya ƙi yin kiran ne don ba nasa ba ne. Ban san yadda zan gode wa mutanen nan ba, wasunsu ko sunansu ban sani ba, sai dai wurin zamansu.

An ci mu, ci mai kyau kuwa, masu tsaron bayanmu kamar ƙofar da ba sakata. Ko a jikina. A hanyar gida Otis ya toshe kunne da yatsa ya ce, "Tsoho, yau ka cika mana kunne. Sati mai zuwa ka ɗan rage murya."

Ki aiko mini da shuɗiyar hular sanyin nan da kika ce kina saƙawa. Kakar da sauranta, kuma ana jirana.

Yayanki mai ƙaunarki,
Delmar