Kibiya a Kan Ɗan Fari

Litinin, 5 ga Sha'aban, 1287

Dawa ta yi kyau bana, birai ma sun shaida. Buba maƙwabcina ya harbi ɗaya da hantsi, kibiya ta kuskure shi ta sami yaron nan, ɗan farina, sama da kunne. Babu dafi, alhamdu lillahi. Na kai hannu zan zare, Maiwada wanzami ya buge min hannu: "Malam, kibiya mai kunne ce, ta maƙale, ka ja ka fito da ƙwaƙwalwa." Ya yanke kyauron kibiyar ya bar ƙarfen a ciki, ya ce sai gobe in rana ta yi haske.

Talata, 6 ga Sha'aban

An yi. Maiwada ya aske wurin, ya tsaga fata, ya yi ta kankare ƙashi a gefen ƙarfen. Sharaɗinsa ɗaya: a riƙa kiran yaron yana amsawa, in ya yi shiru aska ta tsaya. Buba ya kira, shiru. Lauratu matar Buba ta kira, kuka ya ci muryarta. Maiwada ya ɗago ya dube ni.

Ni da ban taɓa kama sunansa ba tun ranar suna! Kunyar ɗan fari ce, haka ubana ya yi da ni. Na ce, "Kai, wane." Maiwada ya ce, "Wane ba ya amsawa, Malam."

Na kira. Ya buɗe ido kamar an zuba masa ruwa, ya ce, "Na'am, Baba?" Ban daina ba har ƙarfen ya fito a bakin hantsaki. Na ji tsoro ƙwarai.

Juma'a, 9 ga Sha'aban

Zazzaɓi. Zuma a kan raunin, kunu kaɗan.

Alhamis, 15 ga Sha'aban

Ya ci tuwo, har da neman ƙari. Hannun hagu da nauyi, amma yana damƙa. Buba kullum sai ya aiko da fura, shi kuwa ya ƙi yarda mu haɗa ido. Na bi shi gona na ce ya bar wannan, birin ma ya yafe masa.

Asabar, 24 ga Sha'aban

An fara yankan dawa. Tsohuwa, wato uwata, ta ce tunda ya warke in koma wa kunyata, mutanen garinmu Ƙarfi na dariya. Na ce to. Da la'asar na hango shi zai ɗaga dami da wannan kan nasa, na daka masa tsawa da sunansa daga bakin zaure, unguwa duk ta ji. Ai tsawa ba kira ba ce.

Abdussamad dai ya ajiye damin, yana murmushi.